Layi Arba'in

Littafin da suka ba ni layi arba'in ne a shafi.
Gidajen da na ƙirga a Kakuri,
daga bakin dogo zuwa bayan masaƙa,
sittin da uku ne,
ban da na Rifkatu, da ta ce kar a sa ta,
ita tana da ƙarfin wankau.

Ni ne magatakarda, wai hannuna yana da kyau.
Shekara goma sha tara ina rubuta lambar dila
kafin jiniya ta yi shiru,
kafin ciyawa ta cinye ƙofar da muke shiga mu dubu.

Ran Asabar ake tarawa.
Kowace mai girki ta rage tafi guda kafin ta zuba a tukunya,
tafi guda, ba mudu ba,
ta adana a gwangwanin madara.
Iya Kande ke bi gida-gida da buhu a baro.
Masu shayin bakin tasha, ɗari bibbiyu.
Istifanus tela ya ɗauki kayan makaranta,
wando shida a wata, ya ce idonsa bai wuce haka ba.
Limamin layinmu da faston layin baya
sun taɓa musu a kan awo, sau ɗaya,
tun ranar mudun Kande ke raba gardama,
mai lotsattsen baki.

Na rubuta Dije, aji uku, takalmi.
Na rubuta tagwayen Laraba, garin kunu da gyaɗa,
malamar asibiti ta zagaya damtsensu da ɗan zare
ya tsaya a kan ja.
Na rubuta Tanko, kuɗin jarrabawa.
Biro ba ya rawa a kan waɗannan.

Sai jiya bayan lisha aka yi sallama.
Oga Cindo ne, shugaban sashenmu a da,
wanda ya yanke mini kuɗin kwana uku
don na makara ranar sunan ɗana.
Hular tana nan da karinta,
wuyan rigar ne ya sha juyi.
Ya tambayi gajiya, ya tambayi ruwan bana,
ya tambayi kuɗin sallamarmu da har yau ake cewa gobe.
Can ya ce jikoki huɗu ne a gabansa,
uwarsu ta kwanta.
Bai ce a rubuta ba.
Littafin kawai ya duba.

Talatin da tara sun cika.
Na arba'in na bar shi fari tun watan jiya,
ban faɗa wa kowa don wa ba.
Mai ɗakina ta sani,
ita da ke kankare ƙanzo
ta ce wa yara ta ƙoshi tun a madafa.

Na tuna kwana ukun nan, wallahi na tuna,
har da ragon da ya koma ɗan akuya.
Na rubuta: gidan Cindo, yara huɗu.
Hannuna bai yi kyau a wannan layin ba.

Da safe Kande ta zo da baronta.
Ta ɗaga gwangwaninmu, ta girgiza,
ta ji abin da ya ce.
Ta dube ni, ta dubi littafin.
Magatakarda, shafin nan ba shi da baya ne?
Na ce hatsin bai ƙaru ba, Iya.
Ta ce to mudu zai sauke tsororuwa,
ba a taɓa mutuwa don tsororuwa ba.

Ta karɓe biron, ta juya takardar.
Ba ta yi boko ba,
daga dama ta faro, da ajami,
tana cije leɓe a kan kowane baƙi.
Sunana ne.
Ƙarƙashinsa ta ja wani layin da kanta, a karkace,
ta ce wannan na Rifkatu ne,
ranar da hannunta ya gaji da sabulu.